Ɗan Aike Yana Da Ikon Ƙin Umurni?

Mu a ƙasar Hausa mun san matsayin ɗan aike. In Hakimi ya tashi jakadansa, to, bakin Hakimi ke nan, ba shi da ikon ƙari ko ragi. Amma in umurnin da aka ba shi zai jawo mutuwar marasa laifi fa? Bari mu duba labarin wani jakadan ƙasar Japan, sunansa Chiune Sugihara.

An haife shi a 1900. Ya koyi harshen Rasha a birnin Harbin, can kuma aka yi masa baftisma. A 1939 Gwamnatinsa ta aike shi Kaunas, cikin ƙasar Lituwaniya ta Turai, ya zama ƙaramin jakada. A watan Yuli na 1940, Yahudawan da suka gudo daga Polan saboda sojan Hitila suka taru a ƙofarsa, suna roƙon takardar izinin ratsawa ta Japan. Sau uku ya buga waya Tokyo, sau uku aka ce kada ya ba wanda bai cika sharuɗɗa ba. Galibinsu kuwa ba su cika ba.

Sai ya ɗauki alƙalami. Cikin wajen wata guda ya rubuta takardu fiye da 2,000 da hannunsa, dubban mutane suka tsira ta wurinsu. Da Jamus ta shiga Lituwaniya a 1941, aka karkashe yawancin Yahudawan da suka rage.

A 1947 aka sallame shi daga aiki. Hukuma ta ce ragin ma'aikata ne, iyalinsa suka ce saboda takardun nan ne. Ya yi ta ƙananan ayyuka don ciyar da gida, daga baya ya yi shekaru yana aikin kamfanin ciniki a Mosko. A 1985 Isra'ila ta girmama shi, ya rasu a 1986.

Wani zai ce, in kowane ma'aikaci ya bi ra'ayinsa, ai mulki ya watse. Gaskiya ne. Biyayya ga shugabanni wajibi ce, da yawa kuma masu cewa lamiri ya hana su, alhali kuwa ƙyuya ce ko girman kai. Amma ku lura da abu uku a wurin mutumin nan. Na fari, ya nemi izini tukuna, bai raina na gaba ba. Na biyu, ba don cikinsa ya ƙi ba, rayukan waɗansu ne a bakin mutuwa. Na uku, shi da iyalinsa ne suka sha wahalar abin.

'Yan'uwa, ba lalle sai jakada ba. Malamin awo a kasuwar auduga, ko a Funtuwa ko a Malumfashi, wanda maigidansa ya ce ya danne sikeli. Magatakarda da aka ce ya sauya iyakar gonar gwauruwa a takarda. Duka tambaya ɗaya ce gabansu. Hannun da ya rubuta shi zai amsa, “an sa ni” ba ta wanke kowa a gaban Allah. Wanda ya ƙi kuwa, kada ya zaci za a yaba masa nan da nan. Sugihara ya yi shekaru da yawa kafin a gode masa a bainar jama'a.