Wa Ke da Alhakin Kibiya?

Maharbin dauri sai ya ga abin harbinsa ido da ido kafin ya ja baka. Na yau kuwa, mai harba makami mai linzami, lambobi kawai ake miƙa masa, waɗanda wasu suka tsara watanni ko shekaru kafin ranar.

Dalilin wannan shiri a fili yake. Makamin da ke ƙetare nahiyoyi yakan isa cikin kimanin minti 30, lokacin da bai wadaci zaman shawara ba. Shi ya sa a 1960 Amurka ta haɗa jerin wuraren da za ta kai wa hari in yaƙi ya ɓarke da Tarayyar Sobiyet. Ban da ƙarancin lokaci, akwai wuyar tantancewa. A 2016 jiragen yaƙin Nijeriya sun yi luguden wuta kan masu fasa bututun mai a fadamun Arepo da Ishawo, kusa da Ikorodu. Irin wannan wuri, inda maɓoyar miyagu ke maƙwabtaka da masunta da gidajen talakawa, ba a rarrabe shi cikin gaggawa. Mun ga abin da rashin tantancewa ya haifar a Tudun Biri cikin Disamba 2023, sa'ad da aka hallaka masu Mauludi bisa kuskure.

Ashe ke nan shiri na iya zama rahama. A 1945 sakataren yaƙin Amurka, Henry Stimson, ya sa aka cire Kyoto daga jerin biranen Japan da za a jefa wa bam. To amma jerin nan dai shi ya ci Nagasaki. Ran 9 ga Agusta gajimare da hayaƙi suka rufe Kokura, inda aka nufa, sai matuƙa suka wuce zuwa suna na gaba.

Nan ne damuwarmu take. Wanda ya zaɓa bai ga jini ba, wanda ya harba kuma bai zaɓa ba, sai kowa ya kwana yana ganin hannunsa fes. Mu kam a ganinmu, alhaki ya fi rataya a wuyan mai alƙalami, domin shi ne ya sami sararin tunani. Wajibinsa ne ya riƙa komawa kan jerinsa, saboda dajin bara kan zama unguwa bana, ya kuma yarda a tuhume shi da sunansa in kibiyarsa ta sami bayin Allah.