Mashayi: mai laifi ne ko marar lafiya?

Ƴan uwa, a ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani magidanci mai shan burkutu. Harafin da ya koya da dare, kafin safe ya ɓace masa. Mutane suka ce lalaci ne. Ni ban gamsu ba.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi masu taimakon mu riƙe abin da muka koya. Jiki yana yin wani sinadari mai raya su, kamar taki ga hatsi. Wata likita ƴar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ta gano shi, har aka ba ta kyautar Nobel a 1986. Masana sun shayar da ɓeraye barasa wata da watanni: aikin sinadarin ya rikice, jijiyoyin suka ƙanƙance.

To, laifin wa? Ƙwaryar farko da hankalinsa ya ɗauke ta, nan ba ni kare shi. Amma bayan shekaru, wurin da zai riƙe alkawarin tuba, shi giya ta taɓa. Zagi ba ya gyara jijiya. Barin sha yana gyara wani sashe, sannu sannu. Shi ya sa ban kore shi ba, na zaunar da shi tabarmar gaba, kusa da allo.