Mutuwar Wani, Tashin Wani?

Hausawa su kan ce, mutuwar wani tashin wani. Haka duniya ta ke, in sarki ya rasu wani ya kan hau gado. Amma akwai tambaya mai nauyi cikin wannan karin magana. In mugaye suka kashe bayin Allah, ka duba kuma ka ga abin zai taimaki jam'iyyarka ran zaɓe, me ya kamata ka yi da wannan riba?

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Sifen, can Turai. Ran Alhamis 11 ga Maris 2004, da sassafe, bama-bamai 10 suka tashi cikin jiragen ƙasa 4 masu kai ma'aikata da 'yan makaranta birnin Madrid. Mutum fiye da 190 suka mutu, kusan 2,000 suka ji rauni. Cikin matattu har da baƙi daga Romaniya da Maroko waɗanda neman abinci ya kai su. Saura kwana 3 a yi babban zaɓe.

Jam'iyyar PP ta Firayim Minista José María Aznar ce ke riƙe da mulki. An san ta da yaƙi da ETA, watau ƙungiyar 'yan tawayen yankin Basque, wadda ta daɗe tana kisa. Amma ita ce kuma ta goyi bayan yaƙin Iraƙi a 2003, ta aika da soja wajen 1,300, alhali yawancin jama'ar ƙasa ba su so ba. Saboda haka tun ba a binne gawa ba, lissafi ya fito fili. In ETA ce ta yi, gwamnati ta ci riba. In masu bin aƙidar al-Ƙa'ida ne, abokan hamayya sun ci.

Da fari mutane da yawa sun zaci ETA ce, har da abokan hamayya, gama a Disamba 2003 an kama mutanenta za su sa bam a jirgin Madrid. Zaton nan ba laifi ba ne. Inda laifi ya shigo shi ne nacewa. Aznar da kansa ya buga wa editocin jaridu waya ya ce ETA ce, aka kuma sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambaci sunanta ran nan. 'Yan sanda kuwa suna ta samun shaida mai nuna wani waje dabam, har ran 13 ga wata suka kama mutum 5. Da maraicen ran nan jama'a suka taru ƙofar ofisoshin PP suna cewa a gaya musu gaskiya, ko da ya ke doka ta hana neman ƙuri'a ran jajiberen zaɓe. Kashegari jam'iyyar José Luis Rodríguez Zapatero ta ci, alhali kafin harin PP ake ganin tana gaba. A 2007 kotu ta hukunta mutum 21, ba ta kuwa ga hannun ETA ba. Duk da haka waɗansu suka yi shekaru suna nacewa, har ƙungiyoyin waɗanda aka yi wa rashi suka rabu, ko wace ta karkata wajen wani ɓangare.

Kada mu ce halin Sifen ne kaɗai. A Amurka, a 2008, Charlie Black, mashawarcin ɗan takara John McCain, ya gaya wa wata mujalla cewa in aka sake kai hari, maigidansa zai amfana ƙwarai. Daga baya ya ce ya yi nadama. A nan gida kuma, sa'ad da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilu 2014, zaɓen 2015 yana tafe, manyan jam'iyyu biyu suka yi ta jifan juna da zargi, iyaye kuwa suna jiran 'ya'yansu.

Watakila wani zai ce, to, sai mu yi shiru ke nan? Ai gwamnati ta ɗauki amanar tsare rayuka, in ta kasa dole a faɗa. Wannan gaskiya ne. Tuhumar mai mulki a kan jinin talakawa hakki ne, mutanen Madrid da suka nemi a gaya musu gaskiya kafin su jefa ƙuri'a ba su yi laifi ba. Sanin cewa hari zai juya zaɓe shi ma ba zunubi ba ne, mai ido ba ya hana kansa gani. Amma tsakanin neman gaskiya domin matattu da yin ciniki da gawarsu akwai rata, ga kuma yadda mutum zai gane inda ya tsaya.

Na ɗaya, da wane mudu ka ke awo? In an kai hari a zamanin abokan hamayyarka ka ce sakacin gwamnati ne, in an kai a zamanin naka ka ce ƙaddara ce, to, ba rayukan ne suka dame ka ba. Mai mudu biyu a kasuwa mun san sunansa.

Na biyu, in shaida ta fito ta ƙaryata abin da ka so, kana karɓarta? A nan gwamnatin Sifen ta yi tuntuɓe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, cikin kwana 3 aka kai ƙarshensa.

Na uku ya fi wuya, gama ba mai gani sai kai da Allah. Sa'ad da labari ya iso, ka ji wani ɗan sanyi a zuciya da ka gane wanda za a zarga? Ɗan sanyin nan shi ne mafarin ɓarna. Wanda ya ji daɗin ribar kisa jiya, gobe zai iske kansa yana jiran wani. Bai taɓa bam ba, amma burinsa da na mai bam sun haɗu a hanya ɗaya. Mai kisa kuwa yana kallo. In ya ga jini ya kan sa 'yan ƙasa su juya wa juna baya, ya sami abin da ya fita nema.

Ku tuna da Dawuda, cikin littafin Sama'ila na biyu, sura 1. Sarki Saul ya daɗe yana farautar ransa, mutuwar Saul kuwa ita ce ta buɗe masa ƙofar sarauta. Wani Ba'amaleke ya sheƙo da kambin sarki, ya ce shi ya ƙarasa shi, yana tsammanin tukwici. Dawuda ya kyakketa tufafinsa, ya yi kuka da azumi har maraice, ya kuma sa aka hukunta mutumin. Daga baya ya hau gadon, bai ƙi shi ba. Amma bai yarda gadon ya saye hawayensa ba.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna da jam'iyya, wannan ba aibu ba ne. Amma ran da muka ji an kashe mutane, ko a masujada, ko a masallaci, ko a kasuwa, bari mu fara da ta'aziyya da taimakon masu rauni. Kada mu yaɗa zargin da ba mu tabbatar ba, ko da zai ƙone abokin hamayya. Sa'an nan mu tambayi masu mulki, namu da na wasu, da murya ɗaya. Allah ya tsare mu daga zuciya mai ƙidayar ƙuri'a a bakin kabari.