Shin Yawo da Baƙo Ɓata Lokaci Ne?



Dogon hutun makarantu yakan faɗo tsakiyar damina, lokacin da abokanmu mazauna Kano da Abuja ke shigowa Aujara da iyalansu. Ana yawan tambayata: Malam, in na bar aikina na kai baƙo Dutse ya ga fadar Garu, ko Birnin Kudu ya ga tsoffin zanen da ke jikin duwatsu, ban ɓata lokaci ba?

A fahimtata, ba ka ɓata ba. Annabi (SAW) ya haɗa karrama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, kuma karamci ya wuce kwanon tuwo. Sau nawa muke cika baƙo da abinci, sannan mu bar shi a zaure shi kaɗai da wayarsa? Alhali kai ya zo gani.

Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, ya tarar yana azumin nafila, ya ƙi cin abinci sai da suka ci tare. Da labarin ya kai ga Annabi, sai ya gaskata Salmanu.

Sai dai akwai iyaka. Kada yawo ya cinye salla, kada ka ci bashin kuɗin mai don a yabe ka. In noma ya matsa, tafi da shi gona, yaransa su ga gero a tsaye.

Kai kuma baƙo, liyafa kwana 3 ce. Kada ka takura mai masaukinka.

Allah Ya sa mu dace.