Wayar Hannu Harshe Ce Mai Nisan Zango

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin ji da magana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 1973 ne wani injiniyan kamfanin Motorola, Martin Cooper, ya fara buga waya a Amurka da na'urar da ake riƙewa a hannu, wadda nauyinta ya ɗara kilo guda. Ba ta wadata a Nijeriya ba sai daga 2001, sa'ad da kamfanonin MTN da Econet suka soma aiki. Kafin nan layukan tarho na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Yau ga ta a aljihun ɗan dako da makiyayi. Da ita ake gai da mahaifa, ake sanar da jana'iza, ake sada zumunci. Wannan ni'ima ce babba.

To, amma kowace ni'ima da hisabinta. A watan Agusta na 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, shi ne riga-kafi. Ƙarya ce tsagwaronta. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Galibin waɗanda suka yaɗa shi alheri suka nufa ga 'yan'uwansu, amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

A aya ta 6 ta Suratul Hujurati, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci muminai da bin diddigin labari, don kada su cuci jama'a cikin jahilci, su wayi gari suna nadama. Masu hikima sun ce alƙalami ɗayan harsuna biyu ne. Ashe hukuncin da ya hau harshe ya hau yatsan da ya danna waya. Wanda ya tura ƙarya ya faɗe ta, ko da ba shi ya ƙaga ta ba. Haka giba da annamimanci.

Saboda haka ya wajaba ga Musulmi, kafin ya tura saƙo, ya san tushensa, ya duba wanda zai cutu da shi. In ya yi shakka ya kame hannunsa, domin magana zarar bunu ce.

Allah Ya tsare harsunan bayinSa da yatsunsu. Amin.