Sa'anda Wasa Ya Zama Wahala

Karatu: 1 Sarakuna, sura 19.

Kowane manomi a ƙasar Bici da Dambatta da Tsanyawa ya san abin da a ke nufi in an ce gona ta gaji. A wajenmu mutane sun yi yawa, gona ta manne da gona, ba halin barin fili ya huta. Kowace damina sai an shuka. Abin da ya riƙe ƙasan nan tun kakanni shi ne taki: kashin awaki da tumaki, da toka, da sharar birni da a ke ɗaukowa a mangala. Wanda ya yi ta ci daga gona ba ya mayar mata da kome, shekara kaɗan sai gero ya tsaya gajere, ƙuduji ya rufe dawa.

Akwai samari cikin ekklesiyoyinmu da su ke kamar gonan nan, abin da ya cinye ƙarfinsu kuwa wasa ne. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya tun daga 2001, yanzu har ƙauyen da ba lantarki yana da shagon caji. A nan za ka tarar da su bayan faɗuwar rana, kai a sunkuye, ana buga gem. Da fari daɗi ne, ba kuwa zunubi ba ne mutum ya yi wasa. Iyayenmu ma sun buga dara a gindin itace. Amma akwai lokacin da daɗin ya kan ƙare, yaron kuwa bai iya bari ba. Idanunsa sun yi ja, wuya yana ciwo, ƙaramar magana sai faɗa. Ya fita gona da fartanya, kafin hantsi ya zauna. Cikin sujada yana gyangyaɗi. Ka tambaye shi ko wasan yana masa daɗi, in mai-gaskiya ne sai ya ce ya gundure shi.

Me ya hana shi ajiyewa? Masu-ƙera wasannin nan sun san aikinsu. Ɗauki Free Fire, wanda ya fito a 2017: a kan zuba mutum 50 a tsibiri ɗaya, cikin kamar minti 10 an gama. Minti 10 ba kome ba ne, don haka kullum saura ɗaya, har zakara ya yi cara. Akwai kyauta ga wanda ya shiga kowace rana, wanda ya yi fashi ta wuce shi. Matsayin da ya sha wahala ya hau, bayan 'yan makonni a kan sauko da shi domin ya sake hawa. Ga abokai kuma suna jira, in bai zo ba ya ba su kunya. Wannan ubangida ne wanda ba shi da ranar hutu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali cikin jerin cututtuka, watau sa'anda mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi bisa sauran al'amura, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarna, har wajen wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu-wasa su ke kai nan, saboda haka kada uwa ta firgita don ta ga waya a hannun ɗanta.

Yanzu mu duba annabi Iliya. Gajiyarsa ta fito daga aikin Allah ne bisa Dutsen Karmel, ba daidai ta ke da ta mai-gem ba. Amma jiki ɗaya Allah ya yi musu, yadda ya bi da bawansa kuwa abin koyi ne. Iliya ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace, ya roƙa a ɗauki ransa. Ku lura da abin da Ubangiji ya fara yi. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sake tashe shi, aka sake ba shi abinci. Sai bayan kwana 40, can a Horeb, kāna aka tambaye shi abin da ya kawo shi, cikin murya marar-ƙarfi kuwa. Mu sau da yawa da tambaya mu ke farawa, da tsawa, wani lokaci da bulala. Uban da ya fizge waya ya fasa a gaban ƙanne ya huce fushinsa, amma gobe ɗan zai ari ta abokinsa, ya kuma koyi ɓoyewa.

To, a fara inda Allah ya fara. Likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10. Kai saurayi, ga dabara mai-sauƙi: kai wayarka wurin mai-caji da magariba, ka bar ta ta kwana can, ka karɓa da safe. Ka faɗa wa abokan wasanka a fili za ka huta mako biyu. Kyautar kullum za ta wuce ka, matsayi zai faɗi. Bari ya faɗi, ba ya cika rumbu. Kwanakin fari za ka ji ƙunci da kaɗaici, hannu yana neman aljihu. Wannan ya kan ragu. Ke uwa, ki tabbata ya ci tuwo tare da jama'a, ba shi kaɗai a ɗaki ba.

Abu na ƙarshe da Allah ya ba Iliya shi ne mutum. Yana tsammani shi kaɗai ya ragu, aka gaya masa akwai 7,000, aka kuma aike shi wurin Elisha, wanda ya tarar yana huɗa da shanu. Yawancin yaran nan abota su ke nema cikin wayar. In ƙungiyar matasa ba ta da kome sai taron Lahadi da yamma, ina za su? A tayar da gayya a gonar gwauruwa, a buga ƙwallo ta gaske a filin makaranta, dattijo ya ɗauki yaro ɗaya su tafi kasuwa tare.

In kuwa makonni sun wuce barci bai komo ba, ba ya cin abinci, ko kuwa ya soma magana irin ta Iliya a ƙarƙashin itacen, kada a jinkirta. A yi addu'a tare da shi, a kai shi wurin likita, ko a asibitin da ke kusa ko a na Dawanau, fasto ko wani dattijo ya raka su.