Himmar Aro da Himmar Zuciya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, mene ne ke tayar da mutum ga aikin alheri, kuma ya tabbatar da shi a kansa?

A lokacin yunwar 1984, an riƙa bai wa manoman ƙasar Maraɗi abinci bisa sharaɗin su bar tohon kututturan gonakinsu ya girma. Da abincin ya yanke, mafi yawan itatuwan suka sha gatari. Waɗanda suka haƙura kuwa, sai suka ga iska ta rage binne musu shuka, ga itacen girki, ga abincin bisashe. Maƙwabta suka gani suka koya, har sassabin zamani ya game ƙasar.

Kyauta ba ta da aibi, domin ita ta sa aka gwada. Sai dai himmar da ta rataya gare ta kaɗai aro ce, tana ƙarewa ranar da aka daina bayarwa. Mai ɗorewa ita ce wadda ta tsiro daga kyakkyawar niyya da ganin amfani.

Saboda haka, mai son zaburar da ɗansa ko almajirinsa, ya fara aikin da hannunsa, ya nuna masa amfaninsa, ya yaba ƙoƙarinsa komai ƙanƙantarsa.

Allah Ya gyara niyyoyinmu, amin.